Za a kai mu gonar inabi dandana giya a Cape Town, ni kuma Musulmi ne, yaya zan yi?

Wa alaikumus salam kanena. Na karanta tambayarka har karshe. Kace kamfaninku na nan Ankara, babban birnin Ghana, zai tura ku taro Cape Town ta Afirka ta Kudu, a cikin tsarin tafiyar kuma an ware rana guda ta zuwa gonakin inabi a Stellenbosch inda ake dandana giya, da daddare a wuce da ku irin gidan abincin nan na manya da ake kawo abinci kadan-kadan faranti bayan faranti. Kai kadai ne Musulmi a tawagar, baka son sabawa Allah, baka kuma son zama saniyar ware cikin abokan aiki, har kana tunanin ko kace baka da lafiya ranar ka kulle kanka a otel da gari da shito dinka.

To ni girki ne sana'ata, daga wanke tukwane a kicin din otel na fara ina dan saurayi a Nima, har Allah ya kai ni na yi aiki a kicin a Cape Town din kanta, saboda haka amsar da zan baka ta mutumin da ke tsaye bayan kofar kicin ce, wanda ya san me ake zubawa a tukunya. Fatawa kam ba tawa bace, inda maganar ta kai nan zan tura ka wajen malaminka. Amma batun karyar ciwo, dan Allah ka ajiye shi. Ka je. Garin nan yana cikin wuraren da Musulmi ya fi samun saukin cin abinci mai kyau a duk inda na sani, asara ce ka sha tafiyar kusan awa 6 daga filin jirgin Ankara zuwa Johannesburg, ka kara awa 2 zuwa Cape Town, sannan ka kare da jika gari a daki.

Bari na fara fada maka me ake yi a dakin dandanawar, don tsoron abin da baka sani ba ya fi abin kansa girma. Za a zaunar da ku a dogon tebur, a jera wa kowa kofunan gilas biyar ko shida, wani ma'aikacin gonar ya dinga zuba kadan-kadan yana bayani, wannan inabin daga wane gangaren dutse aka tsinko shi, wata nawa ya yi a gangar katako, da sauransu. Masu sha su daga kofin su kalli launi, su juya shi, su shinshina, su kurba su wasa shi a baki, wasu su hadiye wasu su tofar a wani dan bokiti da ke kan tebur. Shikenan fa. Giyar kanta ruwan inabi ne da yis ya cinye sukarin cikinsa ya mai da shi barasa, yawanci kashi 12 zuwa 15 cikin 100. Wani abin da zaka ji suna ta ambata shine tannin, wato baurin da ke fitowa daga bawon inabi da kwallonsa da katakon ganga, irin baurin da goro ke bar maka a harshe ya dan bushe maka baki.

Yanzu ga inda nake so ka tsaya da kafarka. Wallahi sai an samu wanda zai ce maka da zuciya daya, ai ba sai ka hadiye ba, kurba kawai ka tofar, kwararru ma haka suke yi. Kar ka yarda. Baki da harshe suna tsotsar wani abu daga ciki ko ka tofar, kuma ko babu wannan, abin da aka ce ka nisance shi ba a kai shi baki. Ba sai ka yi wa'azi ba, kace na gode bana sha, ka dora tafin hannunka a bakin kofin idan mai zubawa ya iso kanka, ya gane, kullum yana ganin irin haka, ga direbobi ga mata masu ciki ga masu ciwon suga ga Musulmin garin su kansu. Maganar da ta fi wannan nauyi ita ce zaman teburin shi kansa, domin akwai hadisi a Tirmizi da ya hana mai imani da Allah da ranar lahira zama a teburin da ake zagaya giya. Wannan ka kai wa malaminka kafin ka tashi, ka fada masa yadda aikin naka yake da gaske, ya baka amsa. Ni dai abin da nake yi kuma nake fada wa yaranmu, lokacin dandanawar bana shiga dakin, tunda shi wannan zaman don giyar kadai aka yi shi, bai wuce awa daya ba, kuma a wajen dakin akwai abin yi da ya fi karfin awa daya.

Don gonakin nan ba giya kadai suke yi ba, wannan ne mutanenmu basu sani ba. Morgenster da ke Somerset West sun shahara da man zaitun kuma suna da zaman dandana shi. Fairview a Paarl cuku suke yi na nonon akuya da na saniya, har da wata hasumiya da awakin ke hawa a kofar gonar. Babylonstoren kuma tsakanin Paarl da Franschhoek katon lambu gare su da ake zagayawa da baki, kana tafiya kana tsinkar ganye kana murzawa kana shinshina. Ka tambayi mai shirya tafiyar sunan gonar da za ku, ka duba shafinsu, kusan kowacce tana da wani abu irin wannan, wasu ma suna jera ruwan inabi zalla kala-kala wanda bai taba zama giya ba saboda yara da wadanda basa sha.

Idan ka samu na man zaitun kar ka bari ya wuce ka, nan ne zaka koyi abin da su abokan naka suka biya kudi su koya a daya dakin. Za a zuba maka kamar cokali daya a dan karamin kofi, ka rufe bakinsa da hannu daya, daya hannun ka rungumi gindinsa ya dan dumama, sai ka bude ka shinshina, zaka ji kanshin danyar ciyawa ko ganyen tumatir ko danyar ayaba. Sannan ka kurba kadan ka ja iska ta tsakanin hakora da dan kara, kar ka ji kunya haka ake yi, iskar ce ke kai kanshin bayan hanci. In ka hadiye zaka ji daci kadan a harshe da wani yaji da zai kama maka makogwaro har ka yi tari, mutanenmu sai su dauka man ya lalace, alhali wannan yajin shine shaidar sabon mai ne mai kyau, man da ya tsufa ko aka tace shi da yawa lami yake. Tsakanin wannan da wancan ka ci yankan tuffa ko ka sha ruwa ka wanke baki. Duk ilimin dandano bai wuce wannan ba, ka rage sauri, ka fara da hanci kafin baki, ka lura da me ya fara zuwa da me ya rage bayan ka hadiye. Yaron da ya tashi a zango yana iya bambance wake da shinkafar wannan Hajiya da ta waccan daga kanshi kawai, ya san dawadawar da ta nuna da wadda bata nuna ba, ya san atayan farko da na uku, babu wanda zai koya masa harshe, abin da ya rage masa kawai ya yarda cewa nasa sanin ma sani ne.

Akwai kuma wani abu da nake so ka rike a ranka kana tsaye a gonakin nan, don masu zagayawa da baki basu cika dadewa a kansa ba. An fara matse giya a Cape a 1659, an kafa Stellenbosch a 1679, kuma hannun da ya yi noman bayi ne da kamfanin Holan ya kwaso daga tsibiran Indunusiya da Indiya da Madagaska da Mozambik, da yawansu Musulmi ko kuma a nan suka musulunta. Shehu Yusuf na Makassar da Turawan suka koro daga kasarsa an sauke shi a yankin a 1694, ya rasu a 1699, kabarinsa na nan a wurin da yanzu ake kira Macassar, ba nisa da hanyar da za ku bi. Bayan an soke bauta a 1834 sai aka ci gaba da wani tsari da suke kira dop, a biya lebura wani bangare na ladansa da giya, doka ta hana shi tun wajen 1960 amma bai mutu a wasu gonaki ba sai shekarun 1990, kuma har yau kauyukan yankin na fama da yaran da aka haifa da nakasa saboda shan giyar da uwa ta yi tana da ciki. Ni duk lokacin da na ga fararen gidajen nan masu kyau da duwatsu a bayansu wannan yana zuwa mini, kuma abin yana mini ciwo. Wurin yana da kyau kwarai, ka kalla ka yi tasbihi, amma ka gaisa da masu aikin gonar da mutunci, ka basu tukwici mai kauri.

To mu zo kan abincin dare, nan ne aikina, kuma nan ne hadarin ya fi yawa, don giyar da ke kofi kana ganinta, wadda ke cikin miya baka ganinta. Abu mafi muhimmanci a duk amsar nan shine ka sa a sanar da gidan abincin tun da wuri, akalla kwana biyu kafin ranar, a rubuce. Irin wadannan gidajen tun safe ko tun jiya suke dora romo da miya, in ka zo karfe takwas na dare kace baka cin kaza da kaza, shugaban kicin ba shi da yadda zai yi sai ya cire miyar ya turo maka busasshen kifi da ganye, kai ka ji an wulakanta ka shi ma ransa ya baci. Amma in ya sani tun shekaranjiya, wallahi da yawanmu dadi muke ji, sai ya ware maka karamar tukunya ya hada maka taka miyar da lemon tsami ko ruwan danyen inabi da suke kira verjuice, wani lokaci naka ya fi na kowa. Sakon ya zama gajere kuma a fili: babu naman alade da duk abin da aka samo daga gare shi har kitse da gelatin, babu barasa ko a cikin girki ko a kayan zaki, nama sai mai takardar halal, in babu a bani kifi da kayan lambu. Kar ka tsaya a kalmar halal kadai, wani kukun iyakar fahimtarsa ita ce babu alade.

Zaka ji ance ai barasar tana konewa a wuta. Wannan maganar har kukuwa suna yarda da ita kuma ba haka take ba. Akwai alkaluman da ma'aikatar noma ta Amurka ta wallafa, abincin da aka zuba wa giya aka kunna masa wuta ta tashi bal a kasko kusan kashi 75 na barasar na nan, wanda ya yi minti 15 yana tafasa kashi 40 na nan, awa daya kashi 25, sai ya kai awa biyu da rabi kafin ya sauko kashi 5. Miyar da ake yi a kasko cikin minti uku kuwa ka kiyasta da kanka.

Ga inda take buya. Duk inda ka ga an rubuta jus kusa da nama, wato bakin romon nan mai kauri mai sheki, kusan kullum da jar giya aka daure shi. Farar miyar man shanu da ake zuba wa kifi, beurre blanc, da farar giya ake fara ta. Shinkafar Italiya risotto haka, mussels masu bakin bawo da ake kawowa a tukunya haka, miyar bisque ta jatan lande ana sa mata giyar brandy. A kayan zaki ma sai ka fi lura, akwai Cape brandy pudding sunansa ya tona shi, akwai Dom Pedro da zaka dauka askirim ne kawai da aka markada alhali da wiski ko Amarula aka hada shi, ita Amarula din kamar madara take a ido amma giya ce, malva pudding asalinsa babu barasa amma wasu gidajen suna zuba masa a miyar, tiramisu ma sau da yawa akwai. Panna cotta da mousse da duk abin da ya daskare yana rawa ka tambayi gelatin dinsa. Alade kuma yana zuwa da sunaye da yawa, pancetta, prosciutto, chorizo, lardons, guanciale, kuma tsiran nan nasu boerewors da ake gasawa a braai, wato gashinsu na garwashi, wani ana cakuda shi da alade sai in daga mahaucin halal ya fito. Naman daji irin barewar nan springbok da wata dabbar mai suna kudu da zaka gani a jerin abincin galibi harbe su ake yi ba yankawa ba, ni bana ci sai na ga takarda.

Game da takardar, a can akwai hukumomi masu bada shaidar halal, manyansu MJC ta majalisar malaman Cape da aka kafa a 1945, da SANHA, zaka ga tambarinsu manne a kofa ko jikin leda. Akwai kuma gidajen da ke rubuta halaal friendly, ma'anarsa yawanci naman daga mahaucin halal suka sayo amma suna sayar da giya, wasu ma suna dafa alade a gefe, saboda haka ba daya bane da mai takarda, ka tambaya. Mafita mafi dadi dai ita ce teku. Mu yan Malikiyya duk abin da ya fito daga ruwa halal ne gare mu, garin kuma teku ta kewaye shi, ga kifin kingklip mai farin tsoka, ga yellowtail, ga snoek da ake gasawa da jam din apricot, ga katon crayfish na gabar yamma. In kuma an tabbatar maka ragon halal ne to ka ci na Karoo, tumakin suna kiwo ne a kan wasu kananan itatuwa masu kanshi na busasshiyar kasa, kanshin yana shiga naman tun kafin a sa masa komai.

Abin sha kuma kar ka zauna da Coke daga farko har karshe, zakinsa zai kashe maka harshe baka ji komai ba. Ka tambayi weta ko suna da jerin abin sha marar barasa da aka hada daidai da kowane faranti, manyan gidaje da yawa yanzu suna yi, ruwan tuffa mai tsami da kifi, shayin rooibos mai sanyi da nama, irin haka. Abu biyu zaka kiyaye, kombucha tana dauke da dan burbushin barasa saboda tsima ta ake yi, sannan giyar da aka cire wa barasa, wadda asalinta giya ce aka tace ta, tana iya rike har kashi 0.5, ni bana kusantarta. In duk babu, ruwa mai gas da yankan lemon tsami ya wadatar, ko Appletiser da Grapetiser, nasu ne na can, ruwan tuffa da na inabi ne zalla da gas. In an tashi daga kofi don taya murna ka daga naka na ruwa ko ka yi murmushi kawai, babu mai kirgawa.

Sauran kananan abubuwa basu kai a damu ba. Cokula da wukake ka fara daga na waje ka shigo ciki, in ka rikice ma za a canza maka. Farantin farko zai baka mamaki don loma biyu ne, kar ka cika ciki da burodi, akwai bakwai ko takwas a baya kuma zaman zai kai awa uku. Ka ci da dama abinka, in an yanka nama ka ajiye wukar ka mai da cokali mai yatsu hannun dama. Tukwici kashi 10 zuwa 15 ne, in tawaga ce babba ana sa shi a bil tun farko. Agogonsu yana gaban namu da awa 2, kuma in tafiyar ta fado Disamba ko Janairu rana bata faduwa sai wajen karfe 8, magariba zata same ka a tebur, ka rada wa weta tun shigowa zai nuna maka lungu mai tsabta. In Yuni zuwa Agusta ne sanyi da ruwan sama ake yi, ka tafi da rigar sanyi ta gaske ba irin ta hunturun Ankara ba.

Sannan dan Allah ka kwaci rabin rana ka hau Bo-Kaap, in da hali ka ja abokan aikin naka ma, wannan karon kai ne mai masauki. Unguwar Musulmi ce a gindin Signal Hill mai gidaje kala-kala, a titin Dorp akwai masallacin Auwal na 1794, mafi dadewa a kasar, wanda limaminsa na farko Tuan Guru ya rubuta Alkur'ani da ka yana tsare a tsibirin Robben. Ka yi sallah a nan, zaka ji kamar kana gida. Ka ci denningvleis, naman rago ne da aka dafa da tsamiya da kanumfari har ya yi laushi, tsami da zaki a hade, ka ci bobotie, nikakken nama da kori da kwai a sama da shinkafa rawaya, ka ci bredie, wato miyar nama ta tumatir, in safiyar Lahadi ce kuma koesister ake saya, soyayyen kulli mai kirfa da citta da aka tsoma a ruwan suga aka barbade da kwakwa. A titin Wale akwai shagon kayan yaji na Atlas, nan nake cewa ka kashe ragowar kudin rand dinka, masala dinsu da ganyen rooibos basu da nauyi a jaka. Man zaitun in ka saya a gona ka nade kwalbar cikin kaya ka sa a babbar jaka, in ka rike ta a hannu za a karbe a filin jirgi tunda ta wuce mililita 100. Allah ya kai ka lafiya ya dawo mana da kai lafiya, in ka samu sunan gidan abincin ka turo mini jerin abincinsu na duba maka daya bayan daya.